Kilo Shida na Kwabbai

A Amurka akwai wasu mutane masu wata ɗabi'a da za ta ba baƙo dariya. Mutum zai je banki ya karɓo kwali guda na sulalla, ya dawo gida ya baje su a kan tebur, ya yi ta duba su ɗaya bayan ɗaya har dare ya raba. Idan ya gama sai ya sake jera su, ya naɗe su cikin 'yan takardu masu siffar bututu, ya mayar wa banki. Naɗin yana da ƙa'ida: ana sa guda 50 na senti ɗaya, guda 40 na senti biyar, guda 50 na senti goma, sai guda 40 na senti ashirin da biyar, wato dala goma cif.

Abin da suke farauta shi ne tsofaffin sulalla da suka saje da sababbi. Senti goma da senti ashirin da biyar da aka buga kafin 1965, kashi 90 cikin ɗari na jikinsu azurfa ce. Akwai kuma kwabon da aka buga daga 1909 zuwa 1958, mai zangarniyar alkama biyu a bayansa. Sau da yawa a ƙare kwali ba a tsinci komai ba. Idan Kirsimeti ta ƙarato, wasu daga cikinsu sukan ware abin da suka tsinta su yi kyauta da shi. Kaka zai miƙa wa jikarsa sulen da aka buga a shekarar da aka haifi mahaifiyarta, bayan ya shafe watanni yana nemansa.

Mu masu rubuta manhajar kwamfuta, da jin wannan labari sai hannunmu ya fara ƙaiƙayi. An horar da mu a kan cewa duk aikin da mutum yake maimaitawa da hannu, aikin na'ura ne. Ga na'urorin Coinstar a manyan kantunan ƙasar, a zuba musu sulalla su ƙirga cikin mintuna kaɗan, su cire ladansu, fiye da kashi goma cikin ɗari. Me zai sa mai hankali ya ɓata daren Asabar a kan abin da bai kai kuɗin shayi ba?

Masana tattalin arziki ma sun taɓa yi wa kyautar biki irin wannan lissafi. A 1993 Joel Waldfogel, yana koyarwa a Jami'ar Yale, ya tambayi ɗalibansa nawa za su iya biya su sayi kyaututtukan da aka ba su. Ya gano cewa tsakanin kashi goma cikin ɗari da kashi ɗaya bisa uku na kuɗin da masu kyautar suka kashe asara ce, domin wanda aka ba bai ɗauki abin da darajar da aka saye shi ba. A wannan ma'auni, gara a miƙa wa mutum tsabar kuɗi ya sayi abin da ransa yake so.

Lissafin bai yi ƙarya ba, amma akwai abin da ya tsallake. Na'ura tana ƙirga sulalla, mai naɗi kuwa kallonsu yake yi. A wurin na'ura kowane kwabo daidai yake da ɗan'uwansa. Shi kuma mai naɗi ya san cewa a cikin dubu biyu da ɗari biyar ana iya samun guda ɗaya da ya fita daban, kuma sai an juya kowanne an karanta shekararsa kafin a gane shi. Kyauta ta gari haka take. Tana gaya wa wanda aka ba cewa an zauna an dube shi, an san ranar da ke da muhimmanci a wurinsa. Sa'o'in da muka kira ɓarna su ne abin da jikar nan ta karɓa a hannun kakanta.

Sai dai kada mu yi saurin ba mai naɗi gaskiya duka. Kwali guda na senti ɗaya dala 25 ne kacal, nauyinsa kuma ya haura kilo shida. A ce mutum ya ɗauki wannan ya kai wa ɗan'uwansa da kuɗin haya ya sha wa kai, yana jiran a yaba masa wahalar da ya sha. Wannan ya dubi sulallansa da kyau, amma bai dubi ɗan'uwansa ba. Sha'awarsa ya biya, ya bar wa wani ɗaukar kaya. An ce yaba kyauta tukwici, to amma akwai kyautar da tukwicin kawai mai ita yake nema.

Saboda haka wahala kaɗai ba ta isa ta zama ma'auni ba. Tambayar ita ce, wa aka kalla lokacin da ake shan wahalar? Mun san wannan a gida. Mahaifin da ya bi layin banki kafin Sallah don ya samo sababbin takardu na barka da Sallah bai ƙara wa naira ɗari ko kwabo ba, amma ya san yadda yaro yake ji idan ya riƙe sabuwar takarda mai ƙamshi. Shi ma kuma idan gwauruwar maƙwabciyarsa ce, buhun shinkafa zai aika mata, domin ya dube ta ya ga abin da take bukata. Mu kuwa yanzu da yatsa ɗaya muke tura wa mutum ashirin kuɗi iri ɗaya ta waya, da saƙo iri ɗaya, kuma mu ne muka rubuta manhajar da ta sauƙaƙa hakan.

A watan Nuwamban 2025 aka buga kwabon Amurka na ƙarshe na hada-hadar yau da kullum a Filadelfiya, domin buga kowane guda yana cin kusan senti huɗu. Gwamnati ta yi lissafinta, kuma daidai ne ta yi. Kuskuren da muke gudu shi ne mu ɗauki wannan lissafi mu shiga da shi gida ranar biki, mu auna iyaye da 'yan'uwa da shi. Kafin mu danna wa kowa dubu biyar a Sallah mai zuwa, ya kamata mu ɗauki sunayen ɗaya bayan ɗaya, mu juya kowanne mu duba.