Wa ke jan ragama a halwa?

A ƙauyukan Hausawa na bakin Shuɗin Nilu, daga wajen Kamlin har Maiurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, makarantar allo ita ake kira halwa. Kowane yaro da allonsa da wurin da ya tsaya. Sai ya riƙe karatunsa yake wanke allon, ko da sa'ansa ya wuce shi da izu guda.

Malamai sun ce a kan fiɗira ake haihuwar yaro. To aikin malami cusawa ne ko tsare abin da Allah ya riga ya dasa? Maria Montessori, wadda ta buɗe makarantarta a Rum a 1907, ta zaɓi tsarewa: yaro ya ɗauki aikinsa, malama ta zuba ido. Halwa ta bar wa yaro saurinsa, amma ba ta ba shi zaɓin sura, ga kuma dorina.

Horon malamai ma hanya biyu ne. Cibiyar horon malamai ta Bakht al-Ruda, wadda aka kafa a 1934, a aji ta riƙa koyar da dabarun koyarwa. Gardi kuwa a gefen alaramma yake koyo, yana biya wa ƙolawa har ya gane wanda ya gaji da wanda ke wasa.