Shin Kango Yana Da Haƙƙi A Kanmu?

Duk wanda Allah ya nufa da zuwa Rum, babban birnin ƙasar Italiya, da wuya ya komo gida ba tare da hoton wani ƙaton kango da ake kira Kolosiyam ba. Gini ne na dutse, kewayayye, wanda Sarki Basfasiyan ya aza harsashinsa wajen shekara ta 72, ɗansa Titus ya buɗe shi a shekara ta 80, kuma a zamaninsa yakan ci 'yan kallo kamar dubu 50. Yau miliyoyin mutane ke bin layi kowace shekara, su biya kuɗi, don kawai su ga abin da ya rage. Mu kuwa in an nuna mana hoton sai mu kaɗa kai mu ce, "Kai, Turawa sun san darajar kayan kakanninsu, mu ne dai muka yi sake." Wannan magana ce nake so mu ɗan tsaya mu auna.

Da farko dai, mai karatu ya sani rabin ginin nan jikokin masu shi ne suka cinye. Girgizar ƙasa ta 1349 ta kayar da ɓangaren kudu, daga nan mutanen Rum suka mai da wurin mahaƙar dutse. Shekaru ɗaruruwa ana ɗiba ana gina fadoji da majami'u, sai a 1749 Paparoma Benedik na 14 ya keɓe wurin, aka daina. Watau su ma ba da wannan hali aka haife su ba. Maginin da ya ɗebi dutsen kuwa ba wawa ba ne. Dutse yake bukata, ga shi a fafe a kusa da shi.

To, mu dawo gida. Ɗalibin da ya taso daga Dayi ya biyo hanyar Gwarzo, da ya shigo Kano ta Kabuga zai fara cin karo da ragowar badala, ta Dukawuya har Gadon Ƙaya. Tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, ya fara wannan ganuwa, aka faɗaɗa ta zamanin Muhammadu Rumfa da na Muhammadu Nazaki. Lokacin da Turawa suka ci Kano a 1903, tsayinta a wasu wurare ya kai ƙafa 30 zuwa 50. Yanzu wani wurin tudu ne da awaki ke hawa, wani wurin shaguna, wani wurin ko alama babu.

Ga tambayar. A ce mutum yana zaune gindin badala, ruwan Agusta ya kayar masa da ɗaki, iyalinsa suna kwana a zaure, ga ƙasa mai kyau tsibi guda a bayan gidansa. Da wace hujja za mu ce masa kada ya ɗiba? Haƙƙi dai na wanda za a iya zalunta ne. Bango ba ya jin zafin diga, Gijimasu kuma ya daɗe da barin duniya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa da ke wa'azin tarihi a ɗakin lacca rufinmu lafiya lau.

Wasu za su ce a bar ta domin masu yawon buɗe ido su zo su kawo kuɗi, kamar yadda ake yi a Rum. Wannan hujja ba ta da ƙashi, domin in kuɗi ne ma'auni, ranar da gidan mai ya fi kawo riba sai a kawo katafila, ba mai bakin magana. Wasu kuma za su ce abin alfaharinmu ne. Wannan ta ɗan fi, amma ita ma a yi hattara. Kolosiyam da ganimar yaƙin Birnin Ƙudus na shekara ta 70 aka gina shi, kuma filin da ake ɗaukar hoto ana murmushi a yau, nan ne ake haɗa mutane faɗa da juna da namun daji har mutuwa, jama'a na tafi. Badalarmu ma ba sarakuna ne suka ɗauki ƙasarta a ka ba. Talakawa ne da bayi, kuma tsoron hari ne ya sa aka yi ta. Mai neman abin alfahari zalla sai ya rufe ido ɗaya.

Ni a ganina amsar tana wurin manoman ƙasarmu. Ka duba gonakin Dayi da Malumfashi har Funtuwa, za ka ga ɗorawa da kaɗanya da tsamiya tsaye tsakiyar dawa da auduga. Inuwarsu tana rage amfanin kunya biyu ko uku, itacensu kuma kuɗi ne a hannu, amma dattijon kirki ba ya sa musu gatari. In ka tambaye shi, cewa zai yi tarar da su ya yi. Ba wai itacen yake jin tausayi ba. Ya san gonar gandu ba tasa ba ce shi kaɗai, akwai masu rabo a cikinta da ba a haifa ba tukuna, kuma ba su nan balle a yi shawara da su. Haka kango yake. Masu haƙƙin su ne waɗanda za su zo baya, abin da za a hana su kuwa shaida ce. Littafi yana iya ƙari, maroƙi yana iya zuga, amma yaron da ya tsaya gindin badala ko Hasumiyar Gobarau ta Katsina ya ɗaga kai, zai lissafa da kansa hannu nawa aka tara, wane irin tsari, wane irin tsoro. Gani ya kori ji. Har su bayin da ba a rubuta sunayensu ba, wannan tsibin ƙasa ne kaɗai sa hannunsu.

Sai dai akwai inda lamarinmu ya fi na Rum wuya, kuma nan ne masu kwatanta mu da Turawa suke kuskure. Dutse in an ƙyale shi zai yi shekara dubu yana jira. Ginin ƙasa kuwa ƙyaliya ita ce ajalinsa, domin damina ba ta san doka ba. A da akan fitar da jama'a gyaran ganuwa, da amfaninta na yaƙi ya ƙare bayan 1903 sai gyaran ya mutu. Ko ba wanda ya ɗebi ko kwando guda, ruwa zai gama da ita. Mutanen Jenne ta ƙasar Mali sun gane haka, shi ya sa kowace shekara gari ke fitowa a yaɓe babban masallacinsu, wanda aka sake ginawa a 1907. Ashe bashin da ke kanmu na aiki ne da aljihu, kuma rashin adalci ne a ɗora shi duka kan mutumin nan mai rusasshen ɗaki. In al'umma ce ke son badala, al'umma ta samar masa ƙasa a wani wuri. Balle ma kwandonsa bai kai komai ba in an gwada da filayen da aka yanka, ko Ƙofar Na'isa da aka rushe a 2010 don faɗaɗa hanya, aka sake ta da kayan zamani.

Wani ɗalibin falsafa zai ce, to ai masallacin Jenne ma ƙasar da ke jikinsa ta bana ce, me ya raba shi da sabuwar Na'isa? Abin da ya raba su hannu ne. Yaron Jenne da ya hau bango bana a wurin ubansa ya koyi kwaɓi da yaɓe, shi ma uban haka, saboda haka sanin da ya tayar da ginin yana nan da ransa. A Kano da Katsina kuwa maginan da suka iya tubali da azara da makuba suna ta ƙarewa, 'ya'yansu sun koma bulo da siminti domin can ne ake samun aiki.