Daidai Ruwa, Daidai Tsaki

A madafi aka haifi wannan karin magana, kuma duk wanda ya taɓa zama kusa da murhu ana faten tsaki ya san asalinta. Kakata, Allah ya jiƙanta, Bazazzagiya ce, fate kuwa abincinta ne na kullum. Kafin ta ɗora tukunya sai ta jawo ƙwaryar tsaki, ta sa hannu ta motsa, ta auna da ido, sannan ta ce a miƙo mata moɗa. Ranar da tsakin ya yi auki babbar tukunya take ɗorawa, ranar da bai wuce tafi uku ba sai ta ɗauko ƙarama. Wata rana jikarta ta cika tukunya da ruwa don an ce baƙi na tafe. Aka zuba ɗan tsakin da ke akwai, yakuwa da gyaɗa suka yi ta iyo a sama, abu ya zama tsululu. Tsohuwa ta leƙa tukunya ta ce, "Ke 'yar nan, baƙi ba su ƙara mana tsaki ba. Da kin tambayi ƙwarya kafin ki je randa."

Hikimar tana cikin sanin wanne ake fara aunawa. Tsaki shi ne abin da ke hannun mutum: kuɗin shigarsa, ƙarfin jikinsa, lafiyarsa, da awa 24 da Allah ya ba kowa. Ruwa kuwa shi ne buri da hidima da alkawuran da mutum yake ɗora wa kansa. Tsaki sai an noma masara, an sussuka, an ɓarza, ruwa kuma moɗa ɗaya ce a randa. Shi ya sa cewa "na ɗauka" take da sauƙi a baki, cikawar ce take hana barci.

Tun daga 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur a Najeriya, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura naira 1,000 a 2024, kuɗin mota da na abinci suka bi ta. Tsakin yawancin gidaje ya ragu, kowa ya shaida. Abin da ke damuna shi ne har yau da tsohuwar moɗa muke ɗibar ruwa, wasunmu ma sun sake babba.

Dubi biki. A da kamu ne da sa lalle da ɗaurin aure da kai amarya da buɗar kai. Yanzu an ƙaro dina da ranar ƙauyawa da hotunan kafin aure, kowace rana da ankonta. Akwatunan lefe sai an ƙirga su a gaban dangi, a ɗauki bidiyo ya zaga gari. Uban amarya ya sayar da filin gado ya yi kayan ɗaki, uwa ta shiga adashi uku a lokaci guda, ango ya ranto a manhajar bashi ta waya. Lallen amarya bai goge ba masu bin bashi sun fara kira, wasu har su aika wa abokan mutum saƙo don su kunyata shi. Gidan da ya kamata ya buɗe da dariya sai ya buɗe da lissafi. Idan ka tambayi dalili, amsar guda ce: "Kada a ce mun gaza." Su wa za su ce? Mutanen da suka ci shinkafa suka watse, kafin mako ya zagayo suna wani bikin.

Ba a aljihu kaɗai ake tsululu ba, har a lokaci. Magidanci ya fita Kantin Kwari da sassafe, ya dawo bayan isha'i ya sha cunkoson hanya, maimakon ya miƙe ƙafa ya ji yadda yara suka yini, sai ya buɗe waya. Zauren WhatsApp na dangi, na tsofaffin ɗalibai, na unguwa, na 'yan kasuwa, kowanne da sanarwarsa da gudummawarsa. Daga nan ya zarce Facebook da TikTok yana kallon motocin wasu da falon wasu, alhali sau da yawa kallon kitse ake wa rogo. Ya kwanta ƙarfe ɗaya na dare zuciya cike da abin da ba shi da shi, ya tashi da ciwon kai. Kowa ya daka ta wani, zai rasa turmin daka tasa.

Magabatanmu sun bar mana misali. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana da ikon ya zauna bisa mulkin ƙasa mai faɗi, amma ya danƙa gudanarwa ga ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello, ya zauna Sifawa yana karantarwa da rubutu, sannan ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Malam Aminu Kano ya yi minista, ya yi takarar shugaban ƙasa a 1979, duk da haka a gidansa na Gwammaja ya zauna cikin talakawa har rasuwarsa a 1983. Gidan nan ne Mambayya na yau. Dukansu biyu sun san abin da suka zo yi, sai suka rage ruwan sauran abubuwa don aikin ya yi kauri.

Kada a ɗauka karin maganar tana goyon bayan rowa ko lalaci. Idan ruwa ya yi kaɗan tsaki yakan kama gindin tukunya ya ƙone, don haka mai wadatar da ya ƙuntata wa iyalinsa shi ma ya saɓa mata. Wanda kuma yake son babbar tukunya, hanya a buɗe take: ya fita ya nemo tsaki ta halal, ruwa ba ya gudu. Zumunci ma ba ya cikin abin da za a rage. A ƙafa aka ce yake, ba a ce a anko ba. Ka je ɗaurin aure da wankakkiyar rigarka, ka yi addu'a, ka ba da abin da ya sauwaƙa, ka dawo gida ba wanda ke bin ka ko sisi.

Abin da ake bukata shi ne ɗan zama da kai kafin amsa kowace hidima. Mutum ya duba ƙwaryarsa da gaskiya, ya koyi cewa "Ka yi haƙuri, wannan karon ba hali," ba tare da jin ya yi abin kunya ba. Ya ajiye waya bayan isha'i. Miji da mata su zauna su yi lissafi tare, don gidan da aka san iyakar tsaki ba a cika faɗa a kan ruwa ba. Wannan ce wadatar zuci da malamai suke kira ƙana'a.

A ranar can, kakata ba ta aika a ranto tsaki a maƙwabta ba. Ta kwashe rabin ruwan ta ajiye gefe, ta bar sauran ya yi kauri, ta zuba man shanu. Baƙi suka ci ɗan abin da ya samu, suka suɗe kwano, suka sa albarka, aka yi hira har dare. Da aka rufe ƙofa, duk gidan muka yi barci har asuba.