Waƙa a Bakin Mai Ita: Wa Zai Ba da Tarihin Garuruwan Bagudo?

"Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi." Ana kawo wannan karin magana ne idan wani ya zaƙe yana ba da labarin abin da ji kawai ya yi, alhali ga wanda abin ya faru a kansa zaune a gefe. Sai a ce ya dakata, a bar mai abu ya faɗa da bakinsa. Wanda ya ji waƙa ya haddace, baitoci kawai ya ɗauko. Wanda ya yi ta kuwa ya san wa ya yi wa, ya san habaicin da ke ƙarƙashin kowane ɗango, ya san inda ake jan murya da dalilin jan ta.

Maganar nan ta zauna daram a kan tarihin ƙauyuka, musamman a ƙasar Bagudo ta jihar Kebbi, inda Kogin Kwara ya ratsa, iyaka da Jamhuriyar Benin kuma ta bi ta bayan gonaki. Yankin ba baƙo ba ne a littattafai. Illo na cikin manyan garuruwan Bargu uku, ita da Bussa da Nikki, waɗanda gidajen sarautarsu ke danganta kansu da Kisra. A da, fataken goro daga Sakkwato da Jega kan yi fito a wannan sashe na Kwara, su bi ta Kandi da Jugu har Salaga a ƙasar Gwanja. A 1894 Lugga ya yi rige-rigen isa Nikki da Faransawa. A watan Yunin 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Paris suka raba Bargu biyu, Nikki ta faɗa hannun Faransa, Bussa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Ba a daɗe ba Turawa suka cire Illo daga Bargu suka haɗa ta da masarautar Gwandu, inda take har yau.

To amma wa ya rera mana wannan? Yawancinsa ya fito ne daga rahotannin razdan da na di'o, waɗanda suka tattara ta bakin tafinta. Abin da ya kawo su kuma lissafi ne: gidaje nawa, magidanta nawa, shanu nawa, domin haraji da jangali. Ban raina takardun ba, har ga Allah. Ba don su ba, da shekaru da yawa sun ɓace mana. Littafin Arnett na 1920 a kan lardin Sakkwato da na Michael Crowder na 1973 a kan boren Bussa na 1915 suna da amfani ƙwarai. Sai dai idonsu yana kan fada da bariki ne. Tungar masunta mai gida talatin, in ta ci sa'a, layi ɗaya za ta samu, sunanta ma a karkace.

Shi ya sa nake ganin aikin na mutanen gari ne, kuma ba aikin mutum ɗaya ba. Kusan kowane gari yana da ƙungiyar ci gaba mai karo-karon gyaran rijiyar burtsatse ko katange maƙabarta. Daga cikinta za a iya ware kwamitin tarihi: malamin makaranta da ya yi ritaya, malamin zaure mai karanta ajami, matasa biyu ko uku masu waya, da mata, don akwai ɗakunan da namiji ba zai shiga ba.

Tambayar da za ta fara tare wannan kwamiti ita ce: wane ne mai waƙar? Hanya mafi sauƙi ita ce a je fada, a karɓi jerin sarakuna, wane ya gaji wane, a buga a ce ga tarihin gari. Wannan baiti ɗaya ne. A ƙasar Bagudo akwai Bussawa da Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa, ga Sarkawa a bakin ruwa. Bafulatanin Ka'oje ya san burtalin da kakanninsa suka bi da shekarar da ciwon bushiya ya cinye garke. Basarke ya san inda kogi yake kwance kafin ya sauya hanya, da tsibirin da ruwa ya ci. Tsohuwa ta san wane gida ya auri wane gida, wanda shi ne ainihin taswirar zumuntar gari, kuma ba a rubuta shi a ko'ina ba. Kowannensu kuma a bar shi ya yi magana da harshen da ya tashi da shi, a fassara daga baya. Harshen Kyangawa yana ja da baya, da yawansu sun koma Hausa ko Dandanci. Idan aka naɗi muryar tsohon da har yanzu yake jin sa, an adana labarin da harshen a lokaci guda.

Sannan rabin masu waƙar suna ƙetaren iyaka. Mutumin Lolo yana da dangi a Madekali, na Tsamiya yana da su a Segbana. Rufe iyakar da aka yi a Agustan 2019 ya tsayar da manyan motoci, bai hana zuwa biki da ta'aziyya ba. Kwamitin da ya tsaya a shingen kwastan ya bar rabin labarinsa a can. Takardun wancan ɓangare da Faransanci suke, a ma'ajiyar ƙasa ta Porto-Novo, don haka ana buƙatar ɗan gari mai jin Faransanci, kuma a wannan yanki ba a rasa shi.

Zaman da tsoho kansa yana da ladabinsa. Ba a zuwa da takardar tambayoyi a hannu. A gaisa, a miƙa goro, a faɗi abin da ya kawo mutum, a nemi izini kafin a ajiye waya a kan tabarma. In aka tambaye shi shekarar da aka haife shi, zai ce Allah masani. Amma a tambaye shi ko ya yi aure kafin a canza kuɗi. Nan take zai gyara zama ya ce ai sadakin uwargidansa da fam da sule aka biya, ɗansa na fari kuma yana goye lokacin babban fari. An sami shekara ke nan, domin naira ta shigo a 1973, farin kuma na 1973 zuwa 1974 ne. Haka ake amfani da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da datse Kwara a Kainji a 1968 wanda ya nutsar da tsohuwar Bussa, da komawa tuƙin hannun dama a 1972. In ya yi shiru, kada a katse shi. Sau da yawa bayan shirun ne yake aika jika ya jawo adaka daga ƙarƙashin gado, a buɗe, ƙamshin tsohon turare ya taso, a ciro rasiɗin haraji da ya yi ja, da wasiƙar ajami da gara ta ci gefenta. A ɗauki hotonsu nan take a mayar masa da kayansa. Kada a ce za a ara.

Akwai kuma inda karin maganar ke da iyaka, kuma wajibi ne a faɗa. Daɗi ta yi alkawari, ba ta ce mai waƙa ba ya tsallake baitin da bai yi masa ba. Kowane gida yana son a ce kakansa ne ya fara sare daji. Batun wa ya riga wa zuwa ba hira ba ce kawai: yana taɓa sarauta, yana taɓa fadamar shinkafa, yana iya kai mutane kotu. Akwai kuma maganar asalin bauta, wadda kalma ɗaya a rubuce za ta iya hana jikokin wani aure. Kwamitin tarihi ba alƙali ba ne. In ruwaya biyu suka saɓa, a rubuta duka biyun, a ce gidan wane sun ce kaza, gidan wane sun ce kaza, a gwada su da takardun ma'ajiyar ƙasa ta Kaduna in akwai. Abin da mai magana ya ce a rufe, a rufe shi, ko da shi ne mafi armashi a cikin hirar.

Abin da aka naɗa kada ya kwana a waya ɗaya, don waya tana faɗawa ruwa, tana ɓata, ana sayar da ita. A yi kwafi uku, a rubuta sunan mai magana da garinsa da ranar hira a kan kowanne. Ɗaya ya zauna a makarantar gari, ɗaya a fada, ɗaya a kai Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato ko Arewa House a Kaduna. Kafin a buga komai kuma, a tara jama'a a ƙofar fada bayan la'asar, a karanta musu da babbar murya, a bar tsofaffi su gyara inda aka karkace.