Ran ɗanka amana ce a hannunka

Ɗana, tunda Allah ya ba ka haihuwa, zauna mu yi magana.

A 1997 an kai wani jariri ɗan wata guda asibiti a Legas, jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Likita ya ce sai an yi masa ƙarin jini. Uwar, mabiyar Shaidun Jehobah, ta ce addininta ya hana. Kotun majistare ta ba da umarni, aka ƙara wa yaron jini, ya rayu. Uwar ta kai ƙara, shari'ar Esabunor da Faweya ta yi ta hawa har Kotun Ƙoli, wadda a 2019 ta ce likita ya yi daidai. Wannan kotun ce kuma a 2001, a shari'ar Okonkwo, ta yarda cewa baligi mai hankali yana iya ƙin magani saboda imaninsa.

Kotu ba ta yi baki biyu ba. Sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka 'yancin addininka, kuma ina tare da kai a kansa. Sai dai baligi da ransa yake zaɓi. Jariri fa? Bai san aƙida ba, kukan ciwo kawai ya sani.

Kada ka ce wannan matsalar wasu ce. A 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan-inna. Tsoron mutane yana da tushe, domin ba su manta gwajin maganin Trovan na 1996 ba, inda yara 11 cikin 200 suka rasu. Amma kafin a dawo da rigakafin a Yulin 2004 cutar ta bazu, daga baya ta kai har Sudan da Yaman da Indonesiya. Manyan da suka yi gardamar da ƙafafunsu suke tafiya. Yaran da suka shanye su ne suke jan gindi har yau.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na cikin gida. Zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro, ya fara jijjiga, tafin hannunsa ya yi fari fat. Sai a ce iska ce. A turara hayaƙi, a ɗura masa rubutu alhali haƙoransa a datse, a kwana biyu ana jira. Ranar da aka ɗauko shi zuwa asibiti, wuyansa ya riga ya saki.

Ban hana ka addu'a ba, Allah ya kiyaye. Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi umarni da neman magani, malamai kuma sun sa kare rai cikin manyan manufofin shari'a. Idan kana shakkar wata allura, tambayi likita, ka tambayi wani, ka tambayi malamin da ya san abin. Haƙƙinka ne.

Amma daren da jikin yaronka ya yi zafi, idanunsa suka juye, don Allah ka saɓa shi ku tafi. Ka yi masa tofi a hanya.