BUHU NAWA KA WARE?



Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci a nan Maska, wani dattijon manomi ya riƙe hannuna ya ce, "Malam, a sa ni a addu'a. Shekara 12 ke nan ina niyyar Hajji, Allah bai nufa ba." Na ce, "Baba, Allah Ya kira mu. Amma bara buhu nawa ka samu?" Ya faɗa mini, kuma wallahi ba kaɗan ba ne. Na ce, "To a ciki nawa ka ware da sunan Makka?" Sai ya yi dariya ya sunkuyar da kai. Ko tiya ɗaya bai taɓa warewa ba. Da izininsa nake ba da labarin, don ciwon ba nasa ne shi kaɗai ba.

Tambayi matasanmu daga Funtua har Malumfashi, kowa da abin da ke bakinsa: zan yi aure, zan koma makaranta, zan yi hadda, zan kama sana'a. Ka ce yaushe? Ya ce in sha Allah. Da me? In sha Allah. Kalmar da Allah Ya umarce mu da faɗi a Suratul Kahfi idan mun ƙudurta aikin gobe, mun mayar da ita mafakar ragwanci. In sha Allah tana biyo bayan ƙuduri ne. Wanda bai ƙudurta komai ba, me yake jinginawa ga nufin Allah?

Abin da ke ba ni mamaki, mu manoma ne, kuma babu wanda ya kai manomi sanin tsari. Tun bazara ya yi sharar gona, ya kai takin gida, ya tanadi iri. Ruwan shuka na sauka ya shuka. Ya san ranar noman firi, ya san ranar maimai, ya san idan ya makara da zuba taki masara ba za ta jira shi ba. Ban taɓa ganin wanda ya zauna a dandali har watan takwas yana cewa in sha Allah zan yi noma ba. Amma mutumin nan, da zarar an zo maganar rayuwarsa da lahirarsa, sai lissafi ya gudu.

Imamul Gazali ya kawo misali da wannan a Ihya'u, wajen rarrabe kyakkyawan fata da ruɗin kai. Ma'anar maganarsa: wanda ya zaɓi ƙasa mai kyau, ya shuka iri, ya kula da ruwa da ciyawa, sannan ya zauna yana jiran falalar Allah, shi ne mai fata. Wanda ya watsa iri a ƙasar da ba ta tsiro ya tafi abinsa yana jiran girbi, wauta ce ke damunsa. To mu da ko irin ba mu watsa ba fa?

Ku koma ƙissar Annabi Yusuf (AS). Da aka kawo masa mafarkin sarkin Masar, bai tsaya ga fassara ba, sai ya ba su tsari mai adadi: noma shekara 7 a jere, abin da aka girbe a bar shi cikin zangarniyarsa, a ci kaɗan, domin shekara 7 na fari na tafe. Kakanninmu haka suke yi, a ɗaure dawa dami-dami a jera a rumbu, ta shekara ba abin da ya same ta. Kuma ya tabbata a Bukhari daga Sayyidina Umar (RA) cewa Manzon Allah (SAW) yakan ware wa iyalinsa abincin shekara. Wa ya kai shi tawakkali? Kada wani ya ce ina koyar da ɓoye abinci. Ajiye amfanin gonarka don buƙatar gidanka daban, saye kayan kasuwa a kulle don a gasa talaka daban, wannan na biyun shi ne abin zargi.

Mu a wannan yanki kuɗi sau ɗaya suke zuwa mana da yawa, wato da kaka. Kuma a cikin 'yan makonni suke tafiya. A loda masara da waken suya a kai Dandume ko Funtua a lokacin da kowa ke kaiwa, farashi na ƙasa. A sayi sabon babur alhali tsohon na tafiya, a canja waya, a yi biki na nuna isa, wani ya ƙara aure ɗakin da za a sa amaryar ma bai gama ba. Damina na kamawa sai a bazama neman bashin taki, wanda za a biya da buhu idan an girbe. Ka ga amfanin baɗi an cinye shi tun ba a shuka ba. Shekara 12 ɗin Baba a nan suka shige, ba wani ne ya yi masa asiri ba.

Shawarata, kafin buhu ɗaya ya hau mota, ka zauna ka raba. Haƙƙin Allah a gaba: idan amfanin ya kai nisabi, wato sa'i 300, kashi ɗaya cikin 10 ne ga noman damina, ɗaya cikin 20 ga wanda aka yi wa ban ruwa da wahala. Sai bashin mutane, sai abincin gida, sai takin baɗi. Abin da ya saura, a ciki za ka ɗebi rabon burinka, ka kira shi da sunansa, ka sa masa shekara. Buri ɗaya, ba biyar ba. Hajji bai wajaba a kan wanda ba shi da iko ba, kada ka sayar da gonar da 'ya'yanka ke ci daga gare ta don a kira ka Alhaji. Amma wanda Allah ke ba shi rara duk shekara yana watsarwa, ya ji tsoron tambayar da za a yi masa.

Kuma jinkiri yana da tsada. A 2023 kujerar Hajji a nan Arewa ba ta kai naira miliyan 3 ba. A 2025 ta haura miliyan 8. Wanda ya tura takardun kuɗi ƙarƙashin katifa ya ga yadda suka narke. Ajiye a abin da ka sani, ko hatsi, ko ɗan maraƙi ka ɗaure, ko ka shiga adashin gata na hukumar alhazai. A nan dole in yaba wa iyayenmu mata. Mace da akuya biyu da adashen mako sai ta haɗa kayan ɗakin 'yarta cikin shekara uku, mu maza muna majalisa muna lissafin kuɗin Ɗangote.

Ba maganar kuɗi kaɗai ba ce. Kai mai cewa ka girma da hadda: Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, jimla 480. Sumuni ɗaya a mako, cikin shekara 9 da 'yan watanni ka sauke. Biyu a mako, ba za ka cika shekara 5 ba. Ɗan shekara 30 da ya fara yau zai zama mahaddaci kafin 40. Abin da kake buƙata malamin da zai riƙa karɓar karatunka, da lokaci guda da ba ka taɓa shi, misali bayan Asuba. Ai Nana A'isha (RA) ta ruwaito cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka lizimta ko da ɗan kaɗan ne.

Na san wani zai ce, Malam, wane tsari, mu da ba mu da tabbacin shiga gona mu fito lafiya? Gaskiyarka. 'Yan uwanmu na Faskari, Sabuwa da Dandume sun ga abin da baki ba zai iya faɗi ba, wasu an raba su da gonakinsu, wasu abin da suka tara ya tafi a kuɗin fansa. Wanda ya yi tanadi aka ƙwace, ba shi da laifi, kuma niyyarsa na rubuce wurin Allah. Allah Ya mayar musu da alheri, Ya kawo mana ƙarshen wannan musiba. Amma Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da wanda ke riƙe da dashen dabino ya dasa shi ko da Ƙiyama na shirin tsayawa. Maganata da wanda gonarsa ke hannunsa, rumbunsa ya cika, amma yana aron uzurin waɗanda aka zalunta.

Jiya da yamma Baba ya same ni a zaure. Ya ce ya ware buhu 10 ya kulle a wani ɗaki daban, ya ba uwargidansa makullin don ya san halin kansa. Na tambaye shi zakkar bara fa? Ya yi shiru, sannan ya ce a kira masa yaro ya ɗauko biro da takarda. Har aka kira Magariba muna lissafi.