Gani Ya Kori Ji, Amma Ganin Wa?

Wannan karin magana ba ta buƙatar dogon bayani. Dillali ya cika ka da labarin ƙibar rago, ka taka ka je kara ka dafa gadon bayansa da hannunka, gardama ta ƙare. Abin da ya sa na ɗauko ta yau shi ne na ji an ajiye ta kwanan baya a wurin da ba nata ba. Na miƙa wa ɗan ƙanwata, yaro mai hankali da ke babbar sakandare, littafin Shaihu Umar don ya rage zaman hutu da shi. Ya jujjuya shi, ya duba bayansa, ya ce, "Kawu, ba a yi fim ɗinsa ba ne?" Na ce an yi, tun 1976. Sai ya ajiye shi a gefen tabarma cikin ladabi, ya ce, "To ai shi ke nan, Kawu. Gani ya kori ji."

Yaron bai yi mini rashin kunya ba. Abin da sa'o'insa suka yarda da shi ya faɗa, manya da yawa ma haka suka ɗauka: wai littafi labari ne aka ba ka, fim kuwa abin ne da kansa a gabanka. A nan nake da ja. Karin maganar tana aiki ne inda akwai wani abu tsayayye da ido zai je ya tarar, ya gaskata mai ba da labari ko ya ƙaryata shi. To Shaihu Umar fa, a wane gari yake zaune da za a ce kyamara ta je ta ɗauko mana shi? Babu shi ko'ina sai a zuciyar wanda ya rubuta da ta wanda ya karanta. Abin da mai kallo ke gani shi ne yadda wani mai karatu, wato darakta, ya ji labarin, sannan ya samu kuɗi da 'yan wasa ya nuna mana nasa jin.

Bari in daɗe a kan littafin nan, don shi na fi sani, shi kuma na fi so. Abubakar Tafawa Balewa ya rubuta shi yana matashin malamin makaranta a Bauchi, don gasar ƙagaggun labarai da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Jiki Magayi da Idon Matambayi. Ɗan siririn littafi ne, mutum zai gama shi tsakanin azahar da magariba. Wani babban malami ne a Rauta, almajiransa suka tambaye shi asalinsa, ya buɗe baki. Daga Kagara aka faro. Uba ya rasu, uwa ta auri Makau, mahassada a fada suka ƙulla wa Makau sharri aka kore shi daga gari. Aka sace yaron, kura ta kashe ɓarawon ta bar shi, daga baya mahara suka kwashe shi, har ya faɗa hannun wani Balarabe, Abdulkarim, a Kano, wanda ya riƙe shi riƙon ɗan ciki ya ƙetare Sahara da shi. Uwar kuwa ta bi sawun ɗanta, aka yaudare ta, aka mai da ita baiwa, ta sha wahalar da ba ta faɗuwa tun daga Murzuk har Tarabulus. Da Allah ya haɗa su, ba ta daɗe ba ta cika.

Abin da ke kama ni a littafin shi ne sanyin muryar mai labarin. Dattijo ne masani yana magana a gaban almajiransa, ba ya ɗaga murya, ba ya neman a tausaya masa. Mutuwar uwar da ta ƙarar da rayuwarta wajen nemansa, a taƙaice ya faɗe ta ya wuce. Wannan kawaicin shi ne ke karya zuciya, domin mai karatu ne ke cike gurbin da Shaihu ya bari. Ni da fuskar kakata na karanta matar nan: doguwa, baƙa, mai bille a kumatu, mai ɗaura zani a ƙirji ta yafa wani. Ban zaɓa ba, haka ta zo mini. Na tabbata wanda ya karanta a Damagaram ko a zangon Kumasi tasa innar ko tasa gwaggon ya gani tana ratsa daji da ƙafa. Fim kuwa tilas ya tsayar da mace guda, ya ce wa kowa ga ta nan.

Adamu Halilu ne ya ba da umarnin fim ɗin, an gina shi a kan wasan dandamali da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka fitar daga littafin, Umaru Ladan ɗin ne kuma ya fito a Shaihu. Ya haura sa'o'i biyu. Shekara goma ke nan bayan an kashe marubucin a juyin mulkin Janairun 1966, don haka ba wanda ya samu damar tambayarsa ko haka ya hango mutanensa. Ba na raina aikin, Allah ya sani. An yi shi cikin natsuwa, an girmama tufafi da fada da zaman malami da almajirai. Akwai ma wurin da ya fi ƙarfin littafin. In ka ci karo da zancen bayi a takarda, ido yana iya zamewa a kansa ya tafi layi na gaba. Amma ka ga mutum mai fuska irin ta maƙwabcinka an mai da shi haja, ka ga ayari ya kutsa cikin rairayin da ba shi da ƙarshe, wannan wani abu ne daban. Mu da muka tashi ana sassauta murya in an zo zancen bauta a gidajenmu, fim ɗin ya hana mu kau da kai. A nan kam ido ya yi aikin da kunne ya kasa.

To amma ga abin da ya biyo baya. Tun da na kalle shi, in na buɗe littafin fuskar Umaru Ladan ce ke zaune a gaban almajiran. Kakata ta fita daga labarin, na neme ta na rasa. Karin maganar da nake cewa an ajiye ta a inda ba nata ba, ga shi ta tabbata a kaina, ta hanyar da ba ta yi mini daɗi ba. Abin da aka kora nawa ne, wanda ya zauna a gurbinsa na wani ne, kuma babu hanyar dawo da shi.

Akwai kuma abin da ya kamata masu wannan ra'ayi su sani. Shekaru da yawa fim ɗin ya ɓace, har aka fid da rai da shi. Sai a 2016 aka gano faya-fayansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, aka gyara su, aka haska shi a bikin fina-finai na birnin Berlin a 2018. Duk tsawon wannan lokaci littafin yana nan, ana sake buga shi a Zariya, yara na karanta shi a aji, an ma fassara shi zuwa Turanci tun 1967. Da jama'a sun jingina da kallo kaɗai, da an yi tsara guda da ba ta taɓa jin sunan Makau ba.

Haka aka yi da littattafan soyayya na Kano. Da fim ɗin bidiyo ya kankama bayan Turmin Danya na 1990, marubuta suka shiga juya littattafansu zuwa kaset. Ado Ahmad Gidan Dabino ya mai da In Da So Da Ƙauna fim a 1994, daga baya aka yi na Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu. Ina tune da 'yan matan gidanmu, waɗanda suka yi ta karɓa-karɓar littafin Gidan Dabino har bangonsa ya rabu da shi, sun taru a gaban talabijin suna jiran Sumayya, tauraruwar labarin. Da ta fito sai ɗakin ya yi tsit, can wata ta ce, "Wallahi ba ita ba ce." Babu laifin 'yar wasan, ko wa aka kawo haka za a ce. Kuma a nan marubucin ne da kansa ya shirya, mutumin da ya fi kowa ikon nuna Sumayya. Duk da haka ba su yarda ba, don tun ranar da littafin ya shiga kasuwa ta daina zama tasa shi kaɗai.

Sai dai in na juyo wajen barkwanci, hujjata takan yi rawa. Ɗauki marigayi Rabilu Musa Ibro, gandiroban da ya ajiye kaki ya shiga wasa, wanda ya rasu a Disambar 2014. Gwada ba wa wanda bai taɓa ganinsa ba labarin wani wasansa. Za ka maimaita duk abin da ya faɗa, ba ragi, mutumin ya tsaya yana kallonka yana jiran inda abin dariyar yake. Dariyar tana cikin zare ido, da karkatar hula, da yadda yake ɗaga ƙafa zai ruga tun ba a kai masa duka ba, da ɗan shirun nan da yake yi in an kama shi da ƙarya kafin ya laluɓo wata. Wannan ba ya rubutuwa, ba ya faɗuwa. In aka ce gani ya kori ji a kan Ibro, ba ni da ta cewa.

Ni dai a son raina na fi karkata ga barkwancin baki, irin na Samanja Mazan Fama, Usman Baba Pategi, tsohon sojan da ya kwashi Hausar bariki ya cakuɗa ta da gurɓataccen Turanci, wanda ko a rediyo ka ji shi sai ka riƙe ciki. Amma son rai ba ya zama hujja, wanda ya ce Ibro ya fi masa ba zan ce ya ɓata ba. Abin da na ƙi, ko daga wa ya fito, shi ne dariyar da ake saye da mutuncin gurgu ko mai i'ina ko Bagware, da gajerun wasannin nan da suka cika wayoyi, waɗanda ba su da komai sai ihu da mari. Irin wannan ko an gan shi ko an ji shi, ɗaya ne a wurina.

Ga kuma abin da ya ƙara dagula mini lissafi. Shekaru da dama Hausawa sun yi ta cika silimun Plaza da Orion da Marhaba a Kano suna kallon fina-finan Indiya ba tare da jin yaren ba. Ido kaɗai ke aiki, kuma ana fahimta, har aka raɗa wa 'yan wasan suna: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Idan akwai inda gani ya yi sarauta, to nan ne. Sai ga masu fassara irin su Algaita sun zo, suka bar hoton yadda yake, suka sa wa Ba'indiye bakin ɗan Kano, da ba'arsa da habaicinsa da kirarinsa. Nan da nan kasuwa ta koma can. Yau yaro zai je wurin masu tura fim a waya, ba ruwansa da wanda ya fito a ciki, tambayarsa ita ce wa ya fassara. A layi kuma zantukan mai fassarar ake haddacewa ana jifan juna da su. Ga mata nan a kicin, abin ji a kunne, ana karanta musu littafi sukutum daga YouTube suna yanka albasa, kamar yadda iyayenmu suka saurari karatun littattafai a Rediyon Kaduna. Ashe kunnen Bahaushe bai mutu ba. Ya kamata wannan ya kwantar mini da hankali, kuma ya ɗan kwantar.

Abin da bai kwanta ba shi ne wata tambaya da ke dawo mini. Mahaifiyata ba ta yi boko ba. Ita da miliyoyin irinta, in ba a karanta musu ba ko a nuna musu, Shaihu Umar da Sumayya da Alhaji Imam na Ruwan Bagaja duk a rufe suke. Da wane baki zan ce mata sai ta fara da littafi? Sannan yaron da ya fara da fim, ya zo ya karanta littafin daga baya da fuskar ɗan wasa a ransa, wa ya ce jin daɗinsa bai kai nawa ba? Ta yiwu abin da nake karewa da wannan zafi shi ne kawai abin da na fara haɗuwa da shi ina yaro, a ƙarƙashin fitilar ƙwai, lokacin da komai ke shiga zuciya ya zauna. Ta yiwu kuma a'a, akwai wani aiki da ƙwaƙwalwa ke yi in an ba ta kalmomi tsura aka bar ta ta gina gari da mutanensa, aikin da in yaro bai saba da shi ba tun da wuri, ba zai iya shi da girma ba. Na fi karkata ga na biyun, amma ba zan iya rantsuwa a kai ba.

In gobe wani mai kuɗi da ƙwarewa ya tashi zai mai da Ganɗoki fim, da dawakan Kwantagora da yaƙin Nasara da ƙasashen aljanu, rabin zuciyata za ta ce Allah ya ba shi sa'a, ko yara sa san Bello Kagara ya taɓa rubuta irin wannan. Ɗaya rabin kuma tana jin tsoron ranar da za a nuna mini fuskar Ganɗoki, domin na san daga ranar wanda na sani ya tafi ke nan. Kuma na san zan je in kalla.